Abin da ya kai mu maƙabartar Hirsch

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da iyali da almajirai. Saƙonku ya iso ni. Kun ce an nuna muku hoton yaranmu tsaye a cikin maƙabartar Yahudawa, kuna tambaya me ya haɗa 'ya'yan Musulmi da wannan wuri, ballantana a lokacin da jinin Falasɗinawa ke kwarara. Kun kuma ji cewa muna tara kuɗin kaburbura a nan Kanada, sai ka ce mun yanke ƙauna da gida. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya, don haka zan amsa su tare, a bainar jama'a kamar yadda kuka yi izini, domin na san ba ku kaɗai abin ke damu ba.

Sunan wurin Hirsch. Daga Regina inda muke zaune a lardin Saskatchewan, mutum zai yi kudu maso gabas kilomita 200 zuwa garin Estevan, sannan ya karkata gabas ya wuce Bienfait. Daga can zuwa iyakar Amurka, wajen jihar Dakota ta Arewa, bai fi kilomita 20 ba. Fili ne shimfiɗe iya ganinka, gonakin alkama da injinan zuƙo mai suna sunkuyawa suna ɗagowa. Garin kansa ya watse. Maƙabartar ce ta rage, kuma ana kula da ita.

Mutanen da ke kwance a wurin yawancinsu daga ƙasar Rasha suka fito. A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na II, sai aka huce a kan Yahudawa, ana ƙone musu gidaje, ana wawashe shaguna, ana kisa, musamman a yankin da yake Yukren a yau. A 1882 gwamnati ta fito da dokokin da suka hana Bayahude sabon zama a karkara, suka hana shi sayen gona ko hayarta. A 1891 kuma aka kori dubbai daga Mosko. To a wannan shekarar ne wani attajiri, Baron Maurice de Hirsch, haifaffen Munich ta Jamus, wanda ya yi dukiyarsa a harkar banki da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Santambul, ya kafa ƙungiyar Jewish Colonization Association. Ɗansa tilo ya rasu tun 1887, sai ya juya dukiyar ga talakawan mutanensa. Ra'ayinsa shi ne a kwashe su daga Rasha a mai da su manoma a inda ake ba da ƙasa. Mafi yawansu Ajantina aka kai su, kaɗan suka zo Kanada.

Akwai wani abu da nake so Malam ya sani a nan, don shi ne ya shafi ɓangaren farko na tambayarku. A 1895 Theodor Herzl, wanda ya kafa tafiyar da ta haifi ƙasar Isra'ila, ya je wurin wannan attajiri neman goyon baya, ya tashi bai samu ba. Waɗannan manoma sun iso nan a 1892, shekara 56 kafin a kafa Isra'ila a 1948. Ba su kori Bafalasɗine ko ɗaya daga gonarsa ba. Mu ma nan zuciyarmu a ƙone take kan Gaza, muna fita zanga-zanga cikin sanyi, muna tara taimako a masallaci. Amma ba zan koya wa ɗana ya ɗora laifin wani a kan gawar wani ba. Kun fi ni sanin hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka wuce da gawa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ba mu yi musu sallah ko addu'ar matattu ba. Kallo muka je yi, da ɗaukar izina.

Dokar Kanada ta 1872 ta ce duk magidancin da ya biya dala 10 za a yanka masa eka 160, wato kusan hekta 65. Idan ya gina ɗaki, ya nome wani kaso, ya zauna a kai shekara 3, ta zama tasa. Ana cewa ƙasar kyauta ce, amma tana da masu ita. 'Yan asalin wurin, Cree da Nakoda da Saulteaux, an sa su hannu a yarjeniyoyi a shekarun 1870, bauna da suke rayuwa a kanta ta ƙare, yunwa ta tura su keɓaɓɓun filaye. Wannan ma mun faɗa wa yaran, domin mu kanmu a kan ƙasar tasu muke biyan haya.

Iyalai kusan 50 ne Yahudawan Montreal suka shirya suka turo da kuɗin Baron Hirsch, aka raɗa wa matsugunin sunansa. Lokacin ko lardin babu, sai 1905 aka ƙirƙire shi. Da yawansu teloli ne da 'yan koli da masu ƙananan sana'o'in gari, ba su taɓa riƙe garma ba. Aka sauke su a filin da babu itacen gini, babu na girki. Masu kama gona a wannan yanki kan yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawa, su jera ta su tayar da bango. Abin da ya taimake su shi ne kwal da ke kwance a kwarin kogin Souris, kusa da su. Sanyin nan kuwa, Malam, sai wanda ya ɗanɗana. Yakan kai 30 ko 40 ƙasa da sifiri, numfashinka ya daskare a gemunka kafin ka isa mota. Su ba su da mota, ba su da lantarki. Damina gajera ce, in fari bai cinye shukar ba ƙanƙara ta faɗo ta kwantar da ita, ko sanyi ya riga girbi. Shekarun farko amfanin ya yi ta lalacewa, akasarin waɗanda suka fara zuwa suka tattara suka koma birane. Kafin su ma an gwada wani matsuguni kusa da Moosomin a 1884, bai yi ƙarko ba. Amma a Hirsch wasu sun daure, wasu suka biyo baya, ƙungiyar ta ci gaba da ba da rance, har wurin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da suka fara tanada tun ba su ƙoshi ba. A addininsu ibadar jam'i ba ta cika sai da maza baligai 10. Ga shi kowa na zaune a tsakiyar eka 160 tasa, maƙwabci na can nesa. Ranar hutunsu, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, mai riƙo da addini ba ya ɗaura wa doki keke, ba ya kunna wuta, ba ya taɓa lauje, ko da alkama ta nuna kuma hadari na haɗowa. Da ƙafa yake takawa zuwa wurin ibada. Ba sa cin nama sai yankan wanda ya karanci hukuncin yanka, ba sa cin alade. Mamacinsu wanka suke masa, su sa shi a farin likkafani, su gaggauta binnewa. Saboda haka suka keɓe filin maƙabarta, suka gina wurin ibada da makaranta, suka nemo malami. Wani mai suna Marcus Berner ya zo musu a 1899, ya yi kusan shekara 30 yana limanci, yana yanka, yana ɗaura aure, kuma yana noman tasa gonar kamar kowa. Duk Bahaushen da ya zauna inda Musulmi ba su da yawa, in ya ji wannan zai ga kansa a ciki.

A 1906 wasu samari da suka koyi noma a makarantar ƙungiyar Baron Hirsch a yankin Galicia na gabashin Turai suka kafa wani matsugunin yamma da Estevan, shi ma dab da iyaka, mai suna Sonnenfeld. Waɗannan sun zo da sani, sun fi na farko dacewa. Har yau a taswira akwai Hoffer da Oungre, ɗaya sunan iyalin da suka fara zama, ɗaya sunan shugaban ƙungiyar.

Sai shekarun 1930 suka zo. Kuɗin alkama ya faɗi, a 1932 bai kai rabin na 1929 ba. Fari ya jera shekaru, iska ta kwashe fuskar ƙasa ta rufe rana da ƙura, fāra ta gama da saura, 1937 ta fi kowace muni. Kudancin lardin ne ya fi jin jiki, kuma nan suke. Bayan yaƙin duniya na biyu injina suka shigo, eka 160 ta daina riƙe iyali, mai babbar gona ya saye ta ƙarami. Amma ni a ganina makarantar da suka gina da hannunsu ita ta fi fari kwashe mutane. Yaran sun yi karatu, suka wuce jami'a, suka zama likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa a Winnipeg da Regina da Toronto. Sanannen likitan ƙwaƙwalwa Abram Hoffer a Sonnenfeld aka haife shi a 1917. Saurayi yana neman mata 'yar addininsa, ba ta nan, sai birni. Aka wayi gari maza 10 ba sa haɗuwa.

Kada Malam ya ce ai wannan Yahudawa ne, Musulmi ba za su watse haka ba. Kudu da Hirsch, kamar kilomita 100 a tsallaken iyaka, akwai ƙauyen Ross a Dakota ta Arewa. Musulmi ne daga ƙasar Sham, wajen Lebanon ta yau, suka kama gonaki a can a farkon ƙarnin da ya wuce, suka gina masallaci a 1929, yana cikin na farko-farko a Amurka. Fari ɗaya ya same su da mutanen Hirsch, 'ya'yansu su ma suka bazu, aka rushe masallacin a shekarun 1970 bayan ya tsufa babu masallata. A 2005 zuriyarsu suka gina wani ɗan ƙarami don tunawa, kusa da kaburburan.

A Hirsch yaranmu sun yi ta bin duwatsun suna duba shekaru. Wata yarinya ta lura rubutun daga dama yake farawa kamar ajami. Wani ya tambayi dalilin tsakuwoyin da ke bisa wasu kaburbura, aka gaya masa al'adarsu ce mai ziyara ya ajiye tsakuwa. Ke nan akwai jikokin da har yanzu suke tuƙo mota daga nesa su zo. Kaburburan ƙananan yara ne suka sa iyaye mata kuka.

Yanzu ga yadda muke yi. Mu Hausawa a nan ba mu da yawa, da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana duk a tabarma ɗaya muke. Ba mu da masallacin kanmu, kuma ba ma nema. Sallah muna yi da 'yan Pakistan da Somaliya da Larabawa da 'yan'uwanmu Yarbawa. Kowane gida na ba da gudummawar wata-wata, kaso mafi tsoka na asusun jana'iza ne. Kai gawa gida sai an yi mata allurar hana ruɓewa, a bi takardu, a jira jirgi kwanaki, ga kuɗin da zai bar marayu da bashi. Mun tambayi malamai, muka zaɓi gaggautawa kamar yadda sunna ta koyar. Akwai ɓangaren Musulmi a maƙabartar gari, kabarin saye ake yi. Da hunturu ƙasa kan daskare ta yi tauri, sai da inji ake haƙa. Muna da maza da mata da suka koyi wankan gawa, kuma muna sa samari su tsaya su gani, don kada abin ya tsaya a kan tsofaffi. Wanda ya bar wasiyya a kai shi gida, mukan taimaka a kai shi. Babu wanda ya yanke ƙauna da gida, Malam. Kuɗin makarantar ƙanne da na asibitin iyaye suna tafiya duk wata. Amma mai 'ya'ya haifaffun nan, in ya ce baƙo ne shi har abada, to bai yi musu tanadi ba.

Nama kuwa watanda muke yi. Gidaje su haɗa kuɗi a sayi sa a wurin manomi, Musulmi ya yanka a mayanka mai izinin hukuma, a raba a zuba a firiza. Suna da ɗaurin aure da ta'aziyya duk wanda ba ya bakin aiki sai ya zo, ko ana zuba dusar ƙanƙara. Mata su haɗu su yi masa da miyar taushe da kabewar nan, ta kuwa yi daɗi.

Inda muke da rauni shi ne yara. Ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya mayar maka da Turanci. Mun san ba za su zauna a Regina ba, aiki zai kai su Calgary ko Toronto ko Amurka, yadda ya kai 'ya'yan Hirsch da na Ross, kuma ba mu da ikon hana su. Bayan dawowarmu mun yi zama, wasu na son a tara kuɗi a sayi gini na ƙungiya, ni da wasu muka ce a zuba shi a abin da yaro zai tafi da shi a ƙirjinsa: Alƙur'ani, hukuncin tsarki da sallah da yanka da jana'iza, da Hausar da zai gaida kakarsa ya fahimci amsarta. Aka tsaya a kan makarantar Asabar, da tallafa wa gidan da zai kai yara hutu gida.

Malamin da zai zaunar da su ne ba mu da shi, duk cikinmu ma'aikata ne masu guntun sani. Shi ya sa nake roƙon Malam, in da hali, a zaɓo mana ɗaya daga cikin manyan almajiranku, mai haƙuri da yara, ya riƙa ɗaukarsu Ahalari da Ishmawi ta waya duk Asabar, yana fassara musu da Hausa. Ƙarfe 10 na safe a nan ƙarfe 5 na yamma ne a wurinku, tsakanin la'asar da magariba. Za mu ɗauki nauyin data da alawus ɗinsa. A gaida Hajiya da mutanen gida.