Me ya sa launin hoton Mandelbrot ke sauyawa idan an ɗaga iyakar maimaici?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin lissafi ne a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Idan na sa iyakar maimaici a 50, baƙi yakan cinye gefen hoton Mandelbrot. Da na ɗaga ta zuwa 1000 sai baƙin ya ja da baya, amma sauran hoton ya koma kusan launi ɗaya. Ko manhajar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, manhajarka lafiyarta ƙalau. Wannan zane, wanda Benoît Mandelbrot ya fitar da hotunansa a kamfanin IBM a 1980, ba shi da launi na kansa, domin ƙidaya ce kawai aka rina. A kan kowane ɗigo kwamfuta takan fara daga sifili, ta ninka lambar da kanta, ta ƙara darajar ɗigon (wato lambar da ke nuna matsayinsa a hoton), sannan ta maimaita, har nisan sakamakon daga tsakiya ya zarce 2, wato ɗigon ya fice, ko kuma a kai iyakar maimaici, adadin zagaye mafi yawa da aka yarda ta yi. Adadin zagayen da aka yi kafin ficewar shi ne ke zaɓen launi.

Ɗigon da bai fice ba har iyakar ta cika, baƙi ake shafa masa, ko da kuwa zai fice a zagaye na 51. Ke nan wani ɓangare na baƙin da ka gani a 50 hukunci ne da aka yanke kafin a gama sauraron shari'a, kuma ya fi shafar ɗigogin bakin gaɓa, inda siraran rassan zanen suke, saboda su ne masu jinkirin ficewa. Duk lokacin da ka ƙara zurfafa cikin hoton, buƙatar ɗaga iyakar za ta ƙaru.

Dushewar launi kuwa daga rabawa ta samo asali. Wasu manhajoji sukan raba adadin zagaye da iyakar, don haka ɗigon da ya fice a zagaye na 25 yana tsakiyar jerin launuka idan iyakar 50 ce, amma a 1000 sai ya maƙale a farkon jerin tare da yawancin maƙwabtansa. Ka zaɓi tsarin da launuka ke kewayawa bayan ƙayyadadden adadi, misali 256, ko wanda ke rarraba su gwargwadon yawan ɗigogi.

Ban ba ka shawarar sa iyakar a miliyan kai tsaye ba, domin kowane baƙin ɗigo sai ya cinye zagayen duka, kuma a zafin Afrilu na Yamai injin zai ɗau zafi ya rage gudu. Ka riƙa ninka iyakar sau biyu, ka tsaya inda gefen baƙin ya daina motsi.