Sun miƙa wa yaro maganin feshi, wa zan kai wa ƙorafi?

Malam, ka ce ka sayi maganin feshin gona ta intanet, mai kawowa ya damƙa wa ɗanka ɗan shekara 10 a tashar Ringim, ko katin shaida bai nema ba. Wannan ganganci ne, guba ce fa.

Kada ka tsaya cacar baki da ɗan aike. Rubuta wa kamfanin, ka sa lambar oda, ranar da aka kawo, da hoton kayan. Kuskuren mutanenmu shi ne kiran waya kawai, magana ta bi iska. Idan sun yi biris, kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

In yaron ya buɗe kwalbar, a garzaya da shi asibiti tukuna, a tafi da kwalbar.