Ƙofa na cijewa, gari na zuba daga katako: daga ina zan fara?

Tambaya: Na sayi gida wata biyu da suka wuce. Ƙofofi biyu na ciki ba sa rufuwa sai an danna da kafaɗa, katakon gindin bango ya rabu da bangon, sannan ina ganin wani gari a ƙarƙashin kabad ɗin kicin. Wani ya ce in kira kafinta ya kankare ƙofofin. In yi hakan?

Amsa: Malam, dakata da kankarewar tukuna, domin abin da aka cire daga jikin ƙofa ba ya dawowa. Garin nan shi ya fi gaggawa. Share shi tas, ka shimfiɗa takarda a wurin, ka duba bayan mako guda. In sabon gari ya sauka, kuma ka ga ƙananan huda masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙwaro ne mai huda katako, yana ciki da ransa. In kuwa ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ko ka ga hanyar ƙasa ta hau bango, gara ce, sai mai feshi ƙwararre. Soka bakin sukundireba a katakon: in ya nutse babu wuya, wannan ɓangaren ya mutu, sauya shi za a yi. Ka leƙa fanfon da ke sama ko yana yoyo, don katako kan fara ruɓewa ne idan danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100, alhali na cikin ɗaki ya kamata ya zauna wajen 8 zuwa 12.

Ƙofar kuma, yawanci laifin na fatta ne, wato ƙarfen da ke haɗa ƙofa da firam ɗinta. Buɗe ta rabi, ka kama hannun ka ɗaga sama. In ta yi motsi, sukurorin fattar sama sun saki, ƙofar ta sunkuya tana gogar firam. Ɗaure su. Wanda ke juyawa ba ya kamawa, raminsa ya cinye: cire shi, ka cusa tsinken ashana uku ko huɗu da ka shafa wa gam ɗin katako, ka karya abin da ya fito, ka bari awa 24 kafin ka mayar. Da yawan ƙofofi a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In har yanzu tana cijewa, shafa alli a gefenta ka rufe. Inda allin ya bayyana a firam, daidai nan ne kaɗai za a rage a jikin ƙofar. Tazarar da ake so milimita 2 zuwa 3 ce a kewaye. Katako yana kumbura a faɗinsa lokacin damshi, ya tsuke lokacin bushewa, shi ya sa wanda ya kankare da yawa zai tarar da giɓi daga baya. A rage kaɗan da sanfefa, sannan a shafa fenti a wurin, har da saman ƙofar da ƙasanta, waɗanda masu fenti kan tsallake alhali ta nan take shan ruwa. In fentin tsoho ne sosai, yana iya ƙunsar dalma mai guba, don haka a jiƙa wurin kafin a goge, a rufe hanci, a fitar da yara.

Katakon gindin bango shi ne mafi sauƙi. Ƙara masa ƙusa inda ya ɗaga, ka cike tsagar da manne mai miƙewa wanda ke karɓar fenti. Siminti ko filasta za su tsage da zarar katakon ya motsa.