Kafin ka sa hannu a takardar masu shirin nan

Ɗan'uwa, tun da na karanta tambayarka na kasa wucewa. Ka ce masu wani shirin talabijin, irin wanda ake bin mutum da kyamara ana nuna rayuwarsa, sun neme ka, suna so ka fito da shigar mata kamar yadda kake yi a ɗakinka. Kana tambaya ko lokaci ya yi ne, tunda ga irinmu nan a talabijin ana tafa musu, har suna cin gasa. Ni na taɓa shiga irin wannan shirin. Don Allah kada ka sa hannu a komai tukuna, ka ji nawa sannan ka yanke shawararka.

Na san abin da ke janka. Mutum ya gaji da murza makulli kafin ya buɗe akwatinsa, ya gaji da goge fuska a gurguje don an ƙwanƙwasa ƙofa. Rana ɗaya sai wani ya zo da murya mai taushi ya ce labarinka yana da daraja, duniya tana bukatar ta ji shi. Wallahi duk wanda ya daɗe a ɓoye, wannan maganar tana kashe masa jiki.

Kuma ba ƙarya kake yi ba, ana tafawa. RuPaul's Drag Race, gasar talabijin ta masu shigar mata, ya fara a Amurka a 2009, a 2016 mai gabatar da shi, RuPaul, ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta can, yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama. A Birtaniya, Alex Reid, ɗan dambe da kowa ya san yana shigar mata da sunan Roxanne, shi masu kallo suka zaɓa a 2010 a Celebrity Big Brother, gasar da ake tara shahararru a gida ɗaya ana ɗaukarsu da kyamara. A 2018 kuma Shane Jenek, ɗan Ostireliya da aka fi sani da Courtney Act, ya ci wannan gasar, ya bar Ann Widdecombe, tsohuwar 'yar majalisa mai ra'ayin mazan jiya, a matsayi na biyu. Na ji daɗin wannan har raina. Amma ka duba su wane ne waɗannan. Mutane ne da nishaɗantarwa ita ce sana'arsu. Suna da manaja, suna da lauya, sun san inda kyamara take kafin ta juyo. Kai kuma ma'aikaci ne mai maƙwabta da surukai, wanda ba ya waƙa, ba ya rawa, burinsa kawai ya zauna cikin doguwar riga ya ji numfashinsa ya daidaita. Jama'a suna son mai shigar mata muddin akwai gilashi tsakaninsu da shi kuma yana ba su dariya. Ranar da ya zama malamin ɗansu ko mijin ƙanwarsu, magana ta canza.

Ka duba ƙudirin da aka gabatar a Majalisar Wakilan Najeriya a 2022, wanda ya nemi a ɗaure mai shigar da ba ta jinsinsa ba wata shida. Bai zama doka ba, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikinsa an keɓe mai yin haka a wasan kwaikwayo ko nishaɗin jama'a. Wato a kan dandamali ba laifi, a ƙofar gidanka laifi ne. A Amurka ma, inda ake raba wa RuPaul kyaututtuka, jihar Tennessee ta yi doka a 2023 don taƙaita irin wannan wasan a bainar jama'a. To ina karɓuwar?

Ni wata mata ce furodusa ta nemo ni, ta irin wannan zauren namu na intanet ma ta samo ni. Har yau in na tuna muryarta sai ƙirjina ya yi nauyi. Kullum sai ta kira, ta tambayi jikin mahaifina da yake kwance a lokacin, ta tambayi yara. Na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba in ban da matata, na yadda abin ya fara tun ina yaro, na shekarun da na yi ina tattara kayan ina zubarwa ina sake saye. Ta yi kuka a waya. Kuka na gaske, na ji shi da kunnena. Ta ce za su nuna ni a wurin aiki, su nuna ni ina jinyar Baba, don mutane su gane cewa irinmu mutane ne masu ɗawainiya kamar kowa. Ta ce in akwai abin da ban so ba, magana ɗaya zan yi a cire.

Sun ɗauki duk wannan kuwa. Sun ɗauke ni ina ba Baba magani, ina juya shi a gado. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta fito ba.

Abin da ya fito shi ne ranar da suka kawo mini wata jar riga matsattsiya da takalmi mai tsini da gashin kanti, kayan da ban taɓa sa irinsu ba, ni da shigata ba ta wuce doguwar riga mai duhu. Suka ce kyamara tana cinye launi, tawa ba za ta fito da kyau ba. Mai kwalliyarsu ta lafta mini hoda da jan baki har ban gane kaina a madubi ba. Suka kai ni titi mai cunkoso, suka maƙala mini makirfo a cikin riga, mai kyamara ya koma nesa. Na wuce, babu wanda ya kula ni, kowa yana harkar gabansa. A raina na ce alhamdu lillahi, ga abin da ya kamata duniya ta gani. Sai ta ce in sake wucewa. Na sake. Ta ce in rage sauri, in tsaya kusa da wasu samari kamar ina neman wani abu a jaka. Haka muka yi ta yi har aka samu waɗanda suka yi mini ihu suka biyo ni suna dariya. Wannan suka sa a tallan shirin, da kiɗan barkwanci a ƙarƙashi.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. A hirar da suke zaunar da kai kai kaɗai, za su ce ka riƙa maimaita tambaya a cikin amsarka, saboda ba a sa muryar mai tambaya. Ta tambaye ni wanne zan ɗauka in aka ce in zaɓa. Na ce: tsakanin iyalina da kayan nan, mutane suna zaton zan zaɓi kayan, alhali iyalina ne gaba da komai. Abin da aka watsa shi ne, “tsakanin iyalina da kayan nan, zan zaɓi kayan.” A daidai inda suka yanke, sai suka ɗora hoton hannuna yana shafa riga, don kada a ga bakina ya tsallake kalmomi. Muryata ce, ba wanda zai ce ba ni ba ne.

Ba su ma gaya mini ranar da tallan zai fita ba. Yayana ne ya turo mini guntun bidiyon ta WhatsApp, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Kafin in isa gida matata ta gani. Matar nan ta san halina tun kafin a haifi ɗanmu na fari, ta rufa mini asiri shekara da shekaru, ta amince in yi shirin bisa sharaɗin ba za a nuna fuskarta ba. Na same ta zaune a bakin gado, wayar tana hannunta, ba ta kuka. Ta ce, “Kai ka faɗi wannan?” Na ce ba haka na faɗa ba. Ta sake kunnawa, muka saurara tare. Ta sake kunnawa. Ɗan'uwa, ka taɓa jin muryarka tana ƙaryata ka a gaban wadda ta fi kowa yarda da kai? Ba ni da shaida, ba ni da komai sai rantsuwa. Danginta suka yi ta kira a daren. 'Yata ta daina zuwa makaranta na wani lokaci, saboda yara sun haddace jimlar suna rera mata.

Na kira furodusar, wayar da a da ake ɗauka tun ƙarar farko ta koma ba a ɗauka. Daga baya ta turo saƙo cewa ita ba ta da hurumi a ɗakin tace hoto, kuma in duba takardar da na sa wa hannu. Ko “yi haƙuri” babu. Matar da ta san sunan maganin mahaifina! Na sha tambayar kaina ko kukan da ta yi mini na ƙarya ne, kuma har yau ina ganin na gaske ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta ji tausayina, kuma ta sayar da ni, duka biyun. Na ji an ce tana nan tana wani sabon shirin, tana neman wasu mutanen. Allah ya isa tsakanina da ita, ba don ni ba, don yarinyar nan da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Kuma ba a kaina aka fara ba. A 2004 tashar Sky One ta nuna There's Something About Miriam, inda maza shida suka yi takarar neman Miriam Rivera, 'yar Meziko, ba a gaya musu an haife ta a namiji ba sai a ƙarshen shirin, a gaban kyamara. Ita ba irinmu ba ce, rayuwarta gaba ɗaya a mace take yi, amma mai kallo ba ya bambancewa, kuma dabarar ɗaya ce: a gina shiri kacokan a kan daƙiƙar da za a tona mutum. Mazan sun kai ƙara an sasanta da su. Ita aka bari da dariyar. Ta rasu a 2019.

Takardar nan ka karanta ta layi-layi, ka kai wa lauya, ba nasu ba. Za ka ga inda aka ce suna da ikon tace maganarka yadda suka ga dama, su yi amfani da hotonka har abada a kowace kafa, kuma ba za ka kai ƙara ba ko da an nuna ka ta hanyar da ta zubar maka da mutunci. Duk alkawarin da ba ya cikin takardar babu shi, ko da an rantse maka. In sun ce za ka ga shirin kafin ya fita, tambaye su: gani kawai, ko ikon cewa a cire? Ba ɗaya ba ne. Ka ce su haɗa ka da waɗanda suka fito a zangon baya, kuma ka nemo wanda ba su ba ka sunansa ba. In har za ka zauna hira, ka ajiye wayarka tana naɗar komai, ka gaya musu kana naɗa. Da ina da wannan a daren nan, da na kunna wa matata.

Sannan kada ka sa tufafin da ba naka ba. Da zarar sun fara zaɓa maka kaya, ka san wani mutum suke ginawa, ba kai ba.

Wata magana kuma, ko da ba ka tambaya ba. Akwai 'yan'uwa a nan da suke cewa duk wanda bai fito fili ba matsoraci ne, wai sai mun bayyana za a saba da mu. Ina jin zafin wannan maganar ƙwarai. Mai faɗar haka ba shi zai biya maka kuɗin haya ba in an sallame ka daga aiki. Ni ba a kore ni kai tsaye ba, an dai daina tura ni wurin abokan hulɗa, aka mayar da ni kujerar da ba mai ganina, har na gaji na tafi da ƙafata. Ba kowa ne yake da ƙasa ɗaya da doka ɗaya ba. A Kuwait, dokar da ta haramta kwaikwayon wani jinsi ta yi aiki daga 2007 har kotun tsarin mulki ta soke ta a 2022, kuma akwai wuraren da har yanzu bidiyo kaɗai ya isa a kama mutum. Ka binciki dokar inda kake, da ta inda iyayenka suke, don bidiyo ba ya tsayawa a kan iyaka. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa. Nawa har yau yana yawo, duk bayan wani lokaci sai wani ya tono shi ya sake ɗorawa.

Ka kuma tambaye su wa zai kula da kai bayan an watsa. A Birtaniya sai da aka soke shirin talabijin na The Jeremy Kyle Show a 2019, bayan mutuwar wani baƙon shirin kwanaki kaɗan da ɗaukarsa a kyamara, sannan Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai a can, ta tsaurara ƙa'idojin kula da mahalarta shiri a 2021. A wurare da yawa babu ko wannan. Ana kashe fitila kowa ya watse.

Ba na cewa babu masu karɓarmu. Akwai. Wani abokin aikina da ban taɓa zaton komai daga gare shi ba ya zo har gida a makon, ya zauna muka yi hirar ƙwallo, bai ɗaga zancen ba. Matata ta dawo da yardarta, amma a hankali, kuma ba don wani shiri ya wayar mata da kai ba, don ta san ni ne. Yayana har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Abu ɗaya ban gani a rubutunka ba: ba ka ce ko maiɗakinka ta san da gayyatar ba. Ka ambaci yara biyu. In ba ta sani ba, ita za ka fara gaya wa kafin ka sake ɗaukar wayar mutanen nan, domin sunanta da na yaran suna cikin abin da za ka sa wa hannu ko da ba a rubuta su ba. In sun riga sun turo maka takardar, ka kwafo sashen da ya yi maganar tacewa da na mallakar hoto ka turo mini ta akwatin sirri, ka goge sunanka da nasu. Ni ba lauya ba ne, amma zan nuna maka layukan da aka kama ni da su.