Shin duk abin da aka ce "an hana" haramun ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shigo masallaci bayan na ci tsire da ɗanyar albasa, sai wani dattijo ya ce na aikata haram. Na tambayi limaminmu ya ce makaruhi ne, wani ɗalibi kuma ya ce hadisi cewa ya yi an hana. Shin duk abu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Haram shi ne abin da Shari'a ta nemi a bari, nema na yanke, wanda ya aikata shi da gangan ya cancanci azaba. Makaruhi kuwa an nemi a bar shi ba tare da tsanantawa ba: mai barinsa don Allah yana da lada, mai yinsa ba shi da zunubi. Ita kuwa "an hana" tana ɗaukar duka biyun. Ƙa'idar mafi yawan malaman Usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, ita ce hani yana nuna haramci, sai in wani dalili ya sassauta shi. Ummu Aɗiyya ta ce: "An hana mu bin jana'iza, amma ba a tsananta mana ba", kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Haka shan ruwa a tsaye: hani ya zo a kansa, amma Annabi (SAW) ya sha Zamzam a tsaye, shi ya sa malamai da yawa suka ɗauki hanin a kan karhanci.

Irin mas'alarka kuwa ta taɓa faruwa a gaban Annabi (SAW) da kansa. Lokacin yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, yunwa ta sa Sahabbai suka ci tafarnuwa da yawa, suka zo masallaci. Da ya ji warin ya ce wanda ya ci kada ya kusanto su a masallaci. Nan take mutane suka fara cewa an haramta, an haramta. Sai ya gyara musu, ya ce ba shi da ikon haramta abin da Allah Ya halatta masa, tsiro ne dai da yake ƙin warinsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar haram ta yi arha a bakunanmu. Allah Ya ce a Suratun Nahli, aya ta 116, kada mu riƙa cewa wannan halal ne wannan haram ne bisa ƙaryar da harsunanmu ke siffantawa. An ruwaito daga Imam Malik, wanda ya rasu shekara ta 179 bayan Hijira, cewa magabata ba sa gaggawar faɗin halal da haram, sai dai su ce "ina ƙin wannan" ko "ina ganin wannan da kyau". Wanda ya haramta halal ya shiga hurumin Allah kamar yadda mai halatta haram ya shiga.

Sai dai a kula, a bakin magabata "ina ƙi" wani lokaci haramci suke nufi, tsantseni ya hana su furta kalmar. A Suratul Isra'i, bayan an ambaci shirka da zina da kisan kai, aya ta 38 ta kira su abin ƙi a wurin Ubangiji. Don haka ɗalibin da ya ga "yukrahu" (wato "an karhanta") a littafi ya tambayi malaminsa wane karhanci ake nufi, kada ya ce ai makaruhi ne kawai ya wuce.

To ga hukuncinka. Cin albasa halal ne, sallarka kuma ta inganta, babu ramuwa. Shiga cikin sahu da warinta shi ne abin da aka hana, domin yana cutar da masallata da Mala'iku. Malamai da yawa sun ce makaruhi ne, wasu sun tsananta har zuwa haramci, saboda haka kada ka raina shi. In sallah ta kusa, ka jinkirta ci, ko a dafa ta har warin ya mutu kamar yadda Sayyidina Umar ya yi umarni, ko ka yi asuwaki sosai har ya gushe. Dattijon nan kuma kada ka yi masa gardama a bainar jama'a, ka same shi a keɓe ka karanta masa hadisin Haibara cikin ladabi. Wallahu a'alam.