Ƙanina ya canza tun da Baba ya saki Mama

'Yar'uwa, kin ce shekarunsa 15, ya daina magana, makaranta sai ya ga dama. Wallahi ba taurin kai ba ne, yaron da ya tashi yana jin faɗan iyayensa kullum sannan aka raba shi da uwarsa rana ɗaya, zuciyarsa ce ta yi nauyi kuma samari ba sa iya faɗin abin da ke ransu.

Ki roƙi Baba ya bar dukansa, ya riƙa barinsa zuwa wajen Mama, kuma kar kowa ya zagi ɗaya daga cikin iyayen a gabansa. Ki lura da abokansa, a nan Gombe irin wannan gibin 'yan Kalare (wato 'yan daba) da masu tiramol ke cikewa. In barci ko abinci ya gagare shi, ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na tarayya, ba hauka ba ne.