Ƙaramin Karena Ya Ƙi Cin Abinci

Tambaya: Malam, ina da ɗan ƙaramin kare mai nauyin kilo 4. Abincin gwangwani sai ya shinshina ya juya baya, amma da na zauna cin nawa sai ya tsare ni da ido. Me zan dafa masa?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki ɗora tukunya, ɗaga leɓensa ki duba. Ƙananan karnuka na yawan fama da ciwon dasashi. In ya yi ja, ko bakin na wari, to ba tsirfa ba ce, zafi yake ji, sai likitan dabbobi.

In lafiyarsa ƙalau, dafa naman kaza ba gishiri, cire fata da ƙashi, ki yayyanka ƙanana. Haɗa da shinkafa kaɗan da karas ko kabewa da ta dahu luguf. Ba shi da ɗumi-ɗumi, don kare da hanci yake zaɓar abinci.

Inda na fi damuwa: kada albasa ko tafarnuwa ta shiga, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa. Inabi da zabibi na taɓa ƙoda, cakulan guba ce gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya ji wa hanji ciwo. Sannan nama da shinkafa kaɗai ba su da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, likita ya faɗa miki abin ƙari.

Ajiye kwanon minti 15, in bai ci ba ki ɗauke sai lokaci na gaba. Lomar da kike miƙa masa daga farantinki, don Allah ki daina.